Ta Bayan Gwiwa Za Su Shiga

Litinin, 7 ga Agusta, 2023

Na faɗi da mashin yau a hanyar Adabka. Ba laifina ba ne, laifin laka ne. Na je ganin shanun Modibbo, Bafillacen da nake ma dillanci, da za mu kai kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a, ina dawowa tayar gaba ta shige wani rami da ruwa ya rufe, ƙwaurina na dama ya daki kututture, gwiwa a lanƙwashe. Na ji wani abu ya ce ɓas daga can ciki. Na tashi na kaɗe riga, na duba gabas da yamma. Ba wanda ya gani sai wani jaki. Alhamdu lillahi.

Ina shiga gida matata Dija ta ce, "Baban Kausar, mi ya samu ƙahwarka?" Na ce takalmi ne ya matse ni. Ta dubi ƙafata. Silifa ne. Ta juya ta koma kan aikinta. Shirun matar nan ya fi faɗanta ciwo.

Laraba, 9 ga Agusta

Gwiwa ta kumbura kamar ƙwaryar fura. Magaji mai ɗori ya zo, ya shafa man shanu, ya ja har sai da na kira sunan Inna, ita da ta shekara tara a kabari. Ya ce targaɗe ne, kwana bakwai. Sallah a zaune, a ɗaki, ƙofa a rufe.

Juma'a, 11 ga Agusta

Kara. Ba wanda ya gane.

Shekara ashirin da shida ina dillancin shanu a Gummi, in ban san yadda ake ɓoye ƙafa ba, me na sani? Sa mai ɗingishi ba ka kawo shi da rana tsaka. Da sassafe kake ɗaure shi, kafin ido ya yi yawa, ka sa mugunyar ƙafar wajen turke, inda ƙasa ke da laushi, ka jera mishi lafiyayyu dama da hagu. Mai saye ya zo, ka riƙe shi wajen kai. Ka buɗe mishi haƙori, ka nuna mishi tozo, ka tambayi lafiyar tsohonshi, ka ba shi labarin Makka. Kome za ka yi, kar ka bari ya zagaya baya ya ce a ja dabba ta taka. Daga baya ake ganin gaskiyar ƙafa.

To haka na yi da kaina. Na iso tun kafin masu shayi su hura wuta, na zauna kan benci gindin turke, na baza babbar riga. Daga zaune na sayar da shanun Modibbo biyar. Maiturare, dillalin da turkenshi ke kallon nawa, ya ce, "Halliru, yau sarauta anka ba ka?" Na ce, "Awo. Ka taho ka yi gaisuwa." Ya yi dariya, amma idonshi bai yi ba. Mutumin nan shekara goma yana zawarcin shanun Modibbo.

Talata, 15 ga Agusta

Kwana bakwai na Magaji sun cika. Ina saukowa daga dakalin ƙofar gida ƙafar ta zame daga ƙarƙashina kamar ba tawa ba. Dija ta gani. Wannan karon ta yi magana, har maƙwabta sun ji. An ɗauki hoton ƙashi a nan gari, sun ce sai Sakkwato.

Alhamis, 17 ga Agusta

Likitan ƙashi, sunanshi Lukman. Bai kai ƙanena ba. Hausarshi irin ta rediyo. Ya kwantar da ni rigingine, ya tanƙwara gwiwoyina biyu ya jera su, ya ce in duba. Ƙwaurin hagu na tsaye, na dama ya zube baya kamar katangar da ruwa ya ci gindinta. Ya ɗaga hoto wajen taga, ya nuna mini wani ɗan ɓarin ƙashi, bai fi ɓarin goro ba. Ya ce akwai wata igiya cikin gwiwa mai hana ƙwauri komawa baya, ita ce ta fizge ta taho da gindinta. Za a mayar da ɓarin mazauninshi a kafe shi da ƙusa mai murɗawa. Ya ce in aka daɗe, ɓarin zai ƙi komawa.

Har nan ina tare da shi. Sai na ce ta ina za a shiga.

Ya ce, "Ta baya, Alhaji. Za ka kwanta rub da ciki."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita, har da taɓa lungun bayan gwiwata da yatsa. Na janye ƙafata.

Ina ɗan shekara goma sha biyu wani bijimi ya tsinke a kara, ya tasam ma rumfar mata masu nono. Wani mahauci ya bi shi ta baya, sara ɗaya ya yi mishi a bayan gwiwa. Bijimin nan ya zauna daɓas kamar kare. Ya yi ta yunƙuri da ƙafafun gaba, bayan bai sake tashi ba. Tun daga ranar na ga an yi haka ya fi a ƙirga. Duk wanda ya tashi a kara ya san wurin nan ba a kai mishi wuƙa sai in an gama da dabba.

Na ce, "Likita, ka shiga ta gaba, ina kallonka." Ya ce ta gaba ƙashi ya tare hanya, ɓarin a baya yake. Na ce to a bar shi a baya, ya yi zamanshi. Na ɗauki hulata.

A mota Dija ta juya mini ƙeya tun daga Sakkwato har gida.

Juma'a, 18 ga Agusta

Dabara ta sake ci, har la'asar. Na jira kara ta watse, na miƙe a hankali na nufi mashin. Na yi taku kamar goma sai na ji tari a bayana.

Modibbo ne, sanda a wuya, hannuwa rataye a kanta. Ashe bai tafi ba. Zagayawa ya yi ya tsaya inda ban taɓa barin mai saye ya tsaya ba.

Ya ce, "Kaɗo, in da sa ne kai, ban sayenka."

Na ce in da sa ne ni, kuɗinshi ba su kai. Ya ce tun makon jiya ya gane, don dillalin da ke sayar da shanu a zaune ko dai ya yi arziki ko ya yi ƙafa, kuma shi bai ga alamar arziki ba. Na gaya mishi maganar likita, ina jiran ya ce a'uzu billahi. Sai ya ce shi kanshi ya taɓa tsaga bayan ƙafar wata karsana ya cire ƙaya, ga ta nan da ɗiya huɗu. Na ce ni ba karsana ba ne. Ya ce, "Walla gaskiya, karsana ta hi ka jin magana."

Bai yi dariya ba da ya ce shanunshi suna son wanda zai riƙe igiya a tsaye.

Litinin, 21 ga Agusta

Magaji ya dawo da wanzami, wai a kafa ƙaho a bayan gwiwa a zuƙe mataccen jini. Na kore su duka. Mai digiri ban ba shi wurin nan ba, sai mai zabira?

Laraba, 23 ga Agusta

Lafiya lau. Na taka har bakin titi na dawo. Kusan.

Juma'a, 25 ga Agusta

Ban so rubuta wannan ba.

Wani mai saye daga Anka ya nace sai an ja jan bijimin Modibbo ya gani. Bijimin ba shi da aibu, don haka ban damu ba. Na miƙe na karɓi igiya da kaina, don Maiturare na kallo. Bijimi ya fizgi kai sau ɗaya, fizgar da ko ɗan akuya zan riƙe. Gwiwa ta tafi baya. Na zube cikin kashin shanu, igiya ta suɓuce, hulata ta gangara ƙarƙashin wata saniya.

Mutane suka yi ca. Wani na sannu, wani na neman ruwa. Maiturare ne ya kama bijimin. Shi ne kuma ya ɗauko mini hula, ya kaɗe ta, ya miƙo da hannu biyu. Da ya zage ni ya fi mini.

Modibbo ya tsuguna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Halliru, ba raba hanya munka yi ba. Amma shanu ba su jiran mutum. Maiturare shi riƙe, har ranar da na ga ka taka da idona."

Na ce ya kai su ga wanda ya ga dama, shanu ba su ƙare a duniya ba. Haka na ce. Ubanshi ne ya fara ba ni igiya ina saurayi.

Lahadi, 27 ga Agusta

Na yi tunani. Ba tsoro nake ji ba, ciniki ne ban gane ba, kuma ban taɓa sallama abin da ban gani ba. In yaron nan ya san aikinshi, ya nuna mini. Na aika wajen mahauta a ajiye mini ƙafar rago ta baya gobe da safe, sukutum, tun daga cinya har kofato, a feɗe kawai kar a sare.

Dija ta ce, "Miya za a yi?" Na ce makaranta za a yi.

Litinin, 28 ga Agusta

Na shiga ofishin likita da ƙafar rago cikin takardar siminti. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba a shigowa da abinci. Na ce shaida ce.

Na shimfiɗa ta a kan tebur, na ɗora yatsa a kan agara, daidai gaɓar nan da ke lanƙwashewa baya. Na ce, "Nan mahauta ke sara. Dabba ba ta ƙara tashi. Nan kake so ka yanka mini. To, bismilla, nuna mini yadda za ka yi in tashi."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya sa safar hannu, ya jawo kujera. Ya ce, "Alhaji, wannan gaɓar me kuke ce mata?" Na ce gwiwa, ko yaro ya sani. Ya kama ƙafar ya lanƙwasa, ya ce in duba ta wane gefe take karyewa, in kuma duba tawa. Sannan ya haura sama, can cikin cinya kusa da ciki, inda muke cewa nama ne kawai, ya tura wani ɗan ƙashi mai zamewa. Ya kama hannuna ya ɗora a kai, ya ɗora ɗayan a kan ƙoƙon gwiwata. Iri ɗaya. Ya ce ga gwiwar rago nan. Wadda mahauta ke sara diddige ne, dabba a kan yatsunta take tafiya. Agarar da nake tsoro, tawa tana can ƙasa bayan idon sawu, ba abin da zai kai shi wurin.

Shekara ashirin da shida. Na shafa ƙafafun shanu sun fi gashin kaina yawa.

Na ce dama na sani, gwada shi nake. Ya ce ya lura.

Ya juya ƙafar, ya nuna mini bayan gwiwar ta gaskiya. Bai ɗauki wuƙa ba. Yatsa ya sa tsakanin tsoka biyu, suka rabu da kansu kamar ɓawon ayaba. Ya ce fata kawai zai tsaga, sai ya bi wannan tsakanin. Ya janye tsoka ɗaya gefe, ya ce a jikin mutum babbar jijiyar jini da jijiyar da ke motsa ƙafa suna tsakiyar lungun, idan ya ja tsokar sha-raɓa haka sai ta rufe su kamar bargo, shi kuma ya yi aikinshi a kan ƙashi. Na ce in hannunshi ya goce fa? Bai ce ba ya gocewa ba. Ya ce wurin yana da haɗari, shi ya sa ba a shiga da gaggawa, kuma ba zai rantse mini a kan abin da ke hannun Allah ba.

Da ya ce ba komai, da na tashi. Na san muryar mai cewa ba komai, tawa ce.

Na ce a yi aikin ranar Alhamis. Na bar mishi ƙafar ragon. Ya ce bai karɓar la'ada, na ce kuɗin makaranta ne.

Laraba, 30 ga Agusta

An ba ni gado. Na gaya ma Dija in abin ya zo da ƙarar kwana kar ta bari Maiturare ya shiga sahun gaba. Ta ce in rufe mata baki.

Asabar, 2 ga Satumba

An yi, shekaranjiya da hantsi.

Allura suka yi mini a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya zama na wani. Idona biyu. Mutum huɗu suka juya ni kamar buhun gero, fuska cikin wani matashi mai rami. Abin da nake gani kawai tayil ɗin ƙasa da takalman roba na wata ma'aikaciya. Ni Halliru, da ko a masallaci nake zaɓen jikin bango, ga ni kife, mutane a bayana da wuƙaƙe suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci.

Na ce, "Likita, kana ina yanzu?" Ya ce fata. Can na sake tambaya, ya ce tsakanin tsoka biyu, inda ya nuna mini. Na ce ka ja bargon? Ya ce ya ja. Ɗaya daga cikinsu ya ce a ƙara mini maganin barci, likita ya ce a bar ni, dillali ne, in ya yi shiru shi ne abin tsoro. Da na ji ƙarar injin huda ƙashi na bar tambaya. Na koma salati. Tayil goma sha ɗaya ne da rabi, ɗaya ya tsage.

Da yamma ya zo ya ce in motsa babban yatsa. Na dube shi, yatsan, na daɗe. Ya motsa.

Ƙura ce ta shiga mini ido. Ɗakin nan ba su share shi da kyau.

Alhamis, 7 ga Satumba

Gida. Ƙafa a miƙe cikin wani abin ɗauri mai ƙarfe da maɗauri huɗu, sanduna biyu a hammata. Ba takawa sai an ce.

Abin haushi, ban iya ganin ɗinkin. Na sa an kwance madubin mashin an kawo mini. Ina kife, Dija na wanke wurin, ni ina karkata madubi. Yanka ne kamar ƙugiya, ya bi layin lungun ya gangara ta ciki. Ta ce ya yi kyau. Na ce ni zan faɗa.

Juma'a, 15 ga Satumba

Ina jin kukan shanu daga nan in iska ta juyo.

Juma'a, 29 ga Satumba

Maiturare ya zo dubiya da kankana. Ya ce shanun Modibbo akwai albarka, hannu ɗaya ake sallamawa. Ya ce in huta sosai, kar in yi gaggawa, lafiya ta fi komai, ko shekara ce in yi. Na ce na gode, kankanar ma ba ta nuna ba. Bayan ya tafi na yi motsa ƙafar da aka ce in yi sau goma, na yi talatin. Dija ta ce za ta buga ma likita waya. Tana da lambarshi! Yaushe?

Talata, 17 ga Oktoba

Sakkwato. Hoto ya nuna ɓarin goro ya kama, ƙusa na zaune daram. An cire abin ɗaurin mai ƙarfe. Ƙafar ta rame kamar ta zalɓe, ba ta lanƙwashewa sai da kuka. Wata mata mai gashin ƙashi ta kifar da ni tana tanƙwara ta, tana cewa saura kaɗan, Baba. Ƙarya take, na san irin wannan saura kaɗan ɗin. Amma na kwanta. Na lura yanzu ko an ce in kife ba na tambayar dalili. Gajiya ce.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na yi sujada, goshi a ƙasa, karo na farko tun Agusta. Tashin ne sai da bango.

Dija ta tambaya ko a kawo madubi. Na ce a mayar ma mashin abinshi, ana bukatarshi a hanya. Ta ce tabon ya kwanta. To.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Kara. Ban je da asuba ba. Sai da rana ta ɗaga, kasuwa ta cika, na shiga ta babbar ƙofa, ba sanda, da 'yar shara iya gwiwa.

Modibbo na turken Maiturare da bijimai uku. Mun gaisa, jam, jam. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Na ga yana shirin zagayawa a sace, irin tasu. Na ce, "Modibbo, ba sai ka yi tari ba. Koma baya ka tsaya. Kai ma Maiturare, taho ka gani, kyauta ne."

Na ba su baya na taka, daga turke har rijiya, na dawo. Taku sittin ko fi. Ban san me suke gani ba, ban kuma waiwaya ba. Gwiwar ta ɗan ja ni wajen gangaren rijiya, na san Modibbo ya gani.

Ya ce, "Da saura."

Na ce da saura.

Ya tsaya yana murza gemu. Sannan ya kwance igiyar farin, babban cikinsu, ya miƙo mini. Biyun ya bar ma Maiturare. Ɗaya cikin uku. Bafillace ke nan, ko Aljanna zai ba ka sai ya rage wani abu. Na riƙe. Farin ya fizga, na tsaya.

Mai saye ya zo bayan Juma'a, wani mutumin Bukkuyum, yana neman na huɗa. Ya buɗe haƙori, ya shafa tozo, ya fara tambayata labarin Makka da kanshi. Farin yana ɗan jan ƙafar hagu, kaɗan, sai wanda ya sani. Na ji bakina ya ce mishi, "Malam, bar kan nan. Zagaya baya in ja maka shi."

Ya gani. Ya rage kuɗi, ya saya duk da haka. Modibbo ya dube ni kamar an canza mishi dillali a hanya.

Ba wani abu ba ne. Rana ta yi zafi, ban son dogon surutu a tsaye.